Allon Gaban Motar Delbert da Twila Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta rasa inda za ta sa kanta, ni Delbert Sizemore, ɗan asalin gundumar Leslie a jihar Kentucky, wanda tsufa da jinyar matarsa suka jefo birnin Peoria na jihar Illinois, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da jama'ar cocinmu na gida rasuwar Allon Gaban Motarmu. Rai ya yi halinsa ranar Talatar makon jiya da hantsi, a filin ajiye motoci na asibitin wankin ƙoda, bayan doguwar jinya da wulaƙanci iri-iri. Ya rasu yana da shekara arba'in da 'yan kai. Allah ne ya ba mu shi, amma ba zan ɓoye muku ba, jihar Illinois ce ta karɓe.

Na san akwai wanda zai karanta wannan a takardar coci ya ce tsufa ya fara taɓa Delbert, tunda har ya kai ga yi wa guntun roba sanarwar mutuwa. Mai wannan ra'ayi ya juya shafi, akwai jerin masu kawo abincin ranar Lahadi a baya, can ya fi masa amfani. Sauran kuma ku saurara. Matata Twila tana fama da ciwon mantuwa, ga ƙoda ta ajiye aiki, dole a riƙa kai ta asibiti ana wanke mata jini bayan kwana bibbiyu. Twila ba ta shiga motar baƙo, haka uwarta ta hore ta. Tun da ciwon ya yi nisa kuwa kowa baƙo ne a wurinta, har da ni da na tsufa ina cin girkinta. Marigayi kaɗai ne yake gaya mata ko ni wane ne ta yarda. 'Yarmu Renita ta riga ta faɗa, kuma ba da wasa ta faɗa ba, cewa ranar da na kasa kai uwarta wankin ƙoda, ranar za a fara shirin mayar da ita gidan kula da tsofaffi. To kun ji wanda muka rasa.

An haifi marigayi a wata rumfa da ke bakin titi a Gatlinburg, a makon amarcinmu. Ungozomarsa wani dogon mutum ne mai gashi ɗaure a ƙeya, yana fesa fenti da ɗan bututu yana taunar taba. Ni dai na nuna masa hoton wani kifi mai buɗaɗɗen baki na ce shi nake so. Twila ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "In kifi kake so a gaban motarka, ai da kogi ka je ka auro." Mai fenti ya yi dariya har sai da ya tofar da tabarsa, ya ce, "Amarya, faɗi abin da kike so kawai, ango ya riga ya sha ƙasa." Haka aka zana rana tana faɗuwa bayan duwatsu, ja da ruwan goro da shuɗi, aka rubuta Delbert a hagu, Twila a dama, aka sa zuciya a tsakani. Hannun mutumin ya ɗan goce a kan zuciyar, ta fito da kumburi a gefe kamar albasa. Na ce a gyara. Twila ta ce a bar ta haka, wai ta fi kama da tawa.

Ku mutanen gida kun sani, a wurinmu bayan mota hukuma ta ɗauka, ta bar wa talaka gaba. Lambar gwamnati ɗaya ce, a baya take, gaban kuwa naka ne ka sa abin da ranka yake so. Wani ƙungiyar ƙwallonsa, wani gicciye, wani sunan karensa na farauta da ya mutu. Tsohon fastonmu ya yi shekaru yana yawo da allon da aka rubuta a tuba, da shi ma ya buge saniyar gidan Hensley. Mu namu sunayenmu ne, kuma ya bi mu daga wannan a-kori-kura zuwa waccan. Duk lokacin da na sayar da tsohuwa, kafin in miƙa makulli sai na durƙusa na kwance shi. Wani mai saye ya taɓa roƙona in bar masa, wai zanen ya burge shi. Na ce masa, "Kai ne Delbert?" Ya ce a'a. Na ce, "To sai haƙuri."

Halin marigayi kowa ya shaida. Mai haƙuri ne, mai kawar da kai. Shi ne farkon mai karɓar duk abin da hanya ta jefo, ƙwari da bazara, gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara da hunturu, ƙurar kwal kuwa shekara duka. Ya taɓa yin karo da barewa a hanyar Hyden, barewa ta tafi inda ba a dawowa, bamba ta lanƙwashe, shi kuwa ya fito da ɗan tabo a kan ranarsa. Bai taɓa aike ni ofis bin layi ba, saɓanin ƙaninsa na baya wanda kowace shekara sai an saya masa sabuwar sitika ko ya ja maka magana. Mai zumunci ne kuma. Tun daga kwanar dutse mutane suke hango shi su ɗaga hannu kafin su ga fuskata. Ya tsaya a ƙofar asibiti ranar da aka haifi Renita, ya kai ta coci ranar aurenta, ya raka gawarwaki da yawa maƙabarta da fitila a kunne, cikinsu har da uwata da uban Twila.

Ba mai yawan magana ba ne, amma yana da murya. Kusarsa ta ƙasa ta ɓace tun zamanin da, ni kuma na ƙi sa wata, saboda haka in muka hau hanyar tsakuwa sai ka ji shi kar-kar-kar-kar. In muka fita babban titi na taka mai, sai ya koma wuuu, siririya. Twila takan ce waƙar coci yake rerawa, kuma ya fi ni iya riƙe murya. Tana kicin take jin kar-kar ɗinsa tun ina gangaren gida, sai ta tura burodin masara cikin tanderu, kafin in cire takalmi an zuba wake.

Amma babban aikin da ya yi a duniya, a ƙarshen rayuwarsa ya yi shi. Da mantuwa ta cinye wa Twila sunayen jikoki, ta cinye hanyar banɗaki, ta zo ta cinye ni, karatu bai bar ta ba. Kullum da safe in na shirya ta na fito da ita, sai ta fizge hannunta daga nawa ta zagaya gaban mota. Ta sa yatsa a kan allon tana bin haruffa.

"Delbert," in ji ta. Sai ta tsallake albasar. "Twila. Ai ni ce Twila."

"Ke ce," in ji ni.

"To kai ne Delbert ɗin?"

"Haka aka rubuta."

Sai ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ka tsufa." Ko kuma ta ce, "Wa ya yi maka wannan askin?" Daga nan ta buɗe ƙofa da kanta ta hau, ta gyara siket, ta leƙo ta ce, "To ka tsaya kana kallona kamar soko, ba tafiya za mu yi ba?" Daga wannan lokaci har mu isa asibiti ina da mata. Takan ɗora hannu a gwiwata, ta yi mini faɗan gudu, ta tambaye ni ko na rufe kaji, mu da muka rabu da kaji tun kafin mu bar gida. Ni kuma in ce na rufe. Duk wuni abin da nake jira ke nan.

Ciwon ajalin marigayi ya fara ne da muka tare a Peoria, kusa da Renita da mijinta Curtis, saboda asibiti. Na je ofishin lambar mota, matar da ke bayan tebur ta miƙo mini lamba biyu iri ɗaya. Na yi mata godiya sosai. Na fito ina cewa a raina, ashe mutanen Illinois ma suna da kirki, har sifiya suke ba mutum. Na ɗaura ɗaya a baya, na cusa ɗayar bayan kujera wajen jak da igiyar ja, saboda ɓacin rana. Ba wanda ya ce mini komai. In ma an faɗa, to a cikin takardun nan ne masu rubutu ƙanana, ni kuwa tabarauna ya yi zamansa a Kentucky a kan firij.

Ba a daɗe ba wani ɗan sanda mai furfura ya tsayar da mu kusa da kantin magani.

Ya ce, "Baba, ina lambarka ta gaba?"

Na ce, "Ga ta nan kana gani."

Ya zagaya ya duba, ya dawo. "Wannan ai sunanka ne da na Mama."

"To wa kake nema in ba mu ba?"

"Lambar jiha nake nufi. Ba biyu aka ba ka ba?"

"Ɗayar sifiya ce."

Ya cire hula ya sosa kai. "Baba, daga ina?"

"Kentucky."

"Na yi zato," in ji shi.

Na yi masa bayanin Twila tiryan-tiryan. Mutumin kirki ne, ya saurara har ƙarshe, ya leƙa ya gaishe ta, ta ce masa ya sa rigarsa cikin wando. Ya ce da ni, "Tawa uwar ma haka ta yi kafin ta rasu. Amma ba ni na rubuta dokar ba. A nan gaba da baya duka na jiha ne, kuma wanda zai tsayar da kai nan gaba ba lallai ya tsaya jin labari ba." Na yi godiya, na ja mota, na yi kunnen uwar shegu da maganarsa.

Na gaban kuwa bai tsaya jin labari ba. A kan babban titi ya biyo mu, dab da gadar kogi, ya kunna fitilu ya saki jiniya. Ku mutanen gida kun san abin da jiniya take nufi a wurinmu: ramin haƙar kwal ya rufta da mutane. Twila ta ƙwalla ƙara tana kiran babanta, wanda ya yi shekara talatin a kabari, ta buɗe ƙofa mota tana tafiya za ta ruga bakin rami. Da hannu ɗaya na riƙe sitiyari, da ɗaya na damƙo wuyan rigar sanyinta, manyan motoci suna wucewa ta gefenmu. Ranar na gane ba maganar tara ba ce. Da tara ce kawai, da na yi ta biya har in mutu.

Daga nan aka shiga neman magani, kuma Allah ya sani ba inda ba mu je ba. Gurbin allo ɗaya ne a bambar motar, a tsakiya, ga masu nema biyu. Na fara ajiye lambar jihar a kan dashbod, jingine da gilashi, aka ce doka ba ta san wannan ba, sai an ɗaure ta a waje. Na ce a sa ta sama, Curtis ya ce za ta toshe wa lagireto iska. Curtis mai sayar da inshora ne, amma tun da ya sayi akwatin sifanu yake jin kansa bakanike. Shi ya zo da wani ƙarfe da ake murɗawa a ramin ƙugiyar jan mota, wai lambar za ta zauna a gefe, marigayi ya ci gaba da zama a gurbinsa. Ya kwanta a ƙarƙashin mota da tocila ya yi ta lalube, can ya fito da baƙin mai a hanci ya ce, "Baba, motar nan ta girmi ramin." Na ce masa ta girme shi shi ma, ya yi mata magana da ladabi.

Sai na yi dabarar kaina, kuma marigayi ya samu sauƙi har muka fara murna. Na manna maganaɗisu a bayan lambar jihar. Twila ta karanta allonta ta shiga mota, ni kuma in zagaya kamar mai duba taya, in ɗora lambar a kansa, ta kama bambar, mu tafi. In mun isa in cire in ɓoye cikin riga. Mun yi kaka guda a haka, ni da gwamnati kowa yana samun rabonsa. Rannan muka faɗa wani rami a kan gada, na ji ƙaf, na duba madubi na ga lambar jihar Illinois tana birgima ta nufi kogi. Ban yi mata kuka ba. Amma sai da Renita ta bar aikinta ta je ta karɓo wata, ta dawo ta tsaya a kaina a kicin.

"Baba, wasa ya ƙare," in ji ta. "So kake a sake biyo ku da jiniya? So kake in je in tattaro Mama a kan titi?"

Na ce, "Uwarki ba ta shiga mota in babu shi."

"Za ta saba."

"Renita, uwarki ba ta sabawa da komai yanzu. Kullum yau ta zo duniya."

Ta share ido da bayan hannu, ta ce, "Ni ma uwata ce, Baba."

Washegari ina kantin magani Curtis ya zo da injin huda. Kafin in dawo ya tuɓe marigayi daga gurbin da ya yi shekara arba'in a kai, ya ɗaure lambar jihar da wasu kusoshi na musamman da ba sa kwantuwa sai da makullinsu, ya tafi da makullin gidansa. Ya jingina marigayi a kan dashbod, wai ai za ta gan shi ta gilashi. Ta kuwa gan shi. Ta tsaya a gaban mota ta dubi lambar, ta ɗaga kai ta dubi allon, ta ja da baya ta ce, "Wani ɓarawo ya sace mana allo ya sa a motarsa." Ta juyo kaina. "Kai ne?" Ranar da kyar da jiɓin goshi, sai da na fito da shi na riƙe a jikin bamba da hannuna, ina durƙushe cikin sanyi, sannan ta karanta ta shiga.

Magani na ƙarshe shi ne na rataye shi a ƙarƙashin bamba da igiyoyin roban nan masu haƙora, waɗanda in an ja ba sa komawa. Ya sauko ƙasa ƙwarai, sai Twila ta dafa kafaɗata ta sunkuya take iya karanta shi. Ta ce, "Wa ya saukar da mu ƙasa haka?" Na ce gwamnati. Ta ce, "Za su aikata." Amma ta shiga. Muryarsa ta canja a wannan lokaci, kar-kar ɗin ta tafi, sai wani faf-faf-faf in iska ta buge shi. Na ji, na san ba lafiya ba, amma na ce a raina in dai zai kai mu bazara.

Ranar Talatar da na ambata an kwana ana zuba ƙanƙara. Muka shiga filin asibiti, na nufi gurbin da na saba. Akwai dogon dutsen siminti da suke kwantarwa a gaban kowane gurbi don taya ta tsaya a jikinsa, ƙanƙara ta rufe shi ruf. Marigayi da ke reto a ƙasa ya daki dutsen, ga shi tsohuwar roba, ga sanyi ya busar da ita. Ban ji komai ba sai ƙas, sau ɗaya, ba ƙarfi. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Na raka Twila ciki, aka ɗaura mata injin, na dawo na durƙusa. Ya rabe biyu daidai kan albasar. Ɓarin dama yana reto a jikin igiya ɗaya. Ɓarin hagu, mai sunana, ya faɗa ƙarƙashin taya, kuma ni da kaina na taka shi da na ɗan motsa motar don in gyara tsayuwa. Na tsince shi ɓaro-ɓaro cikin ƙanƙara na zuba a gwangwanin kofi.

Da aka gama mata na fito da ita, ta zagaya, ta sunkuya, ta sa yatsa.

"Twila. Ai ni ce Twila." Ta laluba gefen hagu, yatsanta ya sami iska. Ta miƙe ta dube ni. "Ina mai motar?"

"Ga ni. Ni ne Delbert."

"Ba a rubuta ba."

"Twila, ni ne. Allon ne ya karye."

"Malam, ka yi haƙuri," in ji ta, cikin ladabi irin wanda take yi wa masu tallan kaya a ƙofar gida. "Mijina zai zo. Zan jira shi a ciki."

Ta koma ɗakin jira ta zauna da jakarta a cinya. Na zauna kujera biyu nesa da ita, don ta ce kada in matso. Muka yi ta jiran Delbert tare har rana ta yi sanyi, sannan ma'aikatan suka kira Renita, aka ba Twila maganin barci aka kawo ta gida.

An yi ƙoƙarin tayar da marigayi, kada wani ya ce ba a yi ba. Na haɗa ɓaraguzan a kan teburin kicin da gam, suka ƙi zama, abin da ya rage na sunana bai fi harafi biyu ba. Renita ta aika aka bugo sabo da inji, da rana da duwatsu da sunaye, yana ta ƙyalli. Twila ta dube shi ta ce, "Kai, ji wasu masu irin sunanmu. Amma tasu zuciyar ta cika kyau." Na rubuta sunana da alƙalamin fenti a kan kwali na manna a gefen ɓarin da ya tsira. Ta ce wannan rubutun yara ne, kuma bai kamata babba ya riƙa taɓa kayan mutane ba.

Ranar Alhamis ta ƙi fita. Na roƙa, na yi dabara, na yi waƙa, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. Ƙafafunta sun fara kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Sai motar ɗaukar marasa lafiya aka kira, ƙarti biyu suka ɗaure ta a kujera suka ɗaga. Tana ta ihu, "Delbert! Delbert! Za su tafi da ni!" Ni kuwa ina riƙe da hannunta ina cewa ga ni, tana ƙoƙarin ƙwacewa don ta nemo ni. Ranar Asabar ma haka aka yi. A ranar Renita ta shiga motarta ta rufe gilashi ta yi waya mai tsawo. Na gane da gidan kula da tsofaffi take magana.

Marigayi ya rasu ya bar ɓarinsa na dama, mai ɗauke da sunan Twila da rabin rana. Ya bar ƙaninsa na baya, wanda bai zo gaisuwa ba. Ya bar magajin da ya gaje gurbinsa tun yana da rai, fari fat, lambobi ne kawai a jikinsa, bai san kowa ba, kowa bai san shi ba. Ya bar tsohuwar a-kori-kura da take tsaye a ƙofar gida ba mai hawa. Ya bar Renita, wadda ba na ganin laifinta ko da yake na gaya mata maganganun da ba su dace ba. Ya bar Curtis, wanda ya kawo mini makullin kusoshin ranar Lahadi ya ajiye a tebur, ya ce, "Baba, ban san haka za ta faru ba." Fasto ya ce in yafe masa, ina kan ƙoƙari. Ya bar Twila, wadda har yanzu take tsayawa a taga tana tambayata ko na ga wucewar mijinta. Ya kuma bar ni.

Ina roƙon duk wanda wannan sanarwa ta iske, don girman Allah. In akwai wanda ya san inda mai fentin nan na Gatlinburg yake, in yana da rai, in hannunsa yana ɗagawa, ya gaya masa zan tuƙo mota in zo ko da ƙanƙara ta kai gwiwa, kuma ina so hannun nasa ya sake gocewa daidai inda ya goce. In ya mutu, a nemo mini wanda ya koya a wurinsa. Na san shekarun da suka wuce, na iya lissafi, ba sai an tuna mini ba. Ina dai tambaya ne, tunda tambaya ba ta ƙare mini ba tukuna.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ɓarin hagu zai ci gaba da zama a gwangwanin kofi har hanya ta buɗe da bazara, sannan a kai shi gida a binne a bayan coci, kusa da inda aka tanadar mana. Ɓarin dama kuwa za a kai shi makwancinsa ranar Litinin mai zuwa da safe, a gidan kula da tsofaffi da ke hanyar kogi, inda suke da injin wankin ƙoda a cikin gida, ba sai an hau mota ba. Na je na ga wurin, da tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba. Shugabar masu jinyar ta zagaya da ni ta nuna mini ƙofofi. A jikin kowace ƙofa an rataye wani abu da mai ɗakin ya sani, wata hoton kyanwa, wani tsohuwar hular aiki, don kada su ɓata. Ta ce, "Baba, akwai abin da Mama take ganewa?" Da na gaya mata labarin ɓarin allon mai sunan Twila, ta ce in zo da shi, za su ba ni salatif mai gam fuska biyu, don ba a yarda a huda ƙofa ba. Ni zan manna shi da hannuna, daidai tsayin idonta, ba sai ta sunkuya ba. Na san za ta sa yatsa ta karanta, ta ce ita ce, ta shiga da ƙafarta ba wanda ya ɗaga ta. Renita ta ce wannan abin godiya ne, kuma na san gaskiyarta.

Ba za a yi zaman makoki ba. Kada a aiko furanni, kada a kawo kwanukan abinci, ba mai ci. Ana buɗe wa masu ziyara ƙofa daga hantsi zuwa yamma, kuma duk lokacin da kuka zo za ku same ni a kujerar da ke gefen gadonta, in ta bari na zauna. Abin da iyalan marigayi suke roƙo a madadin furanni guda ɗaya ne. In kun shigo, kafin ku gaishe ta, ku fara gaishe ni, ku ɗaga murya yadda za ta ji, ku ce, "Delbert, ina kwana."